Gyaran da Aka Yi wa Tanimu Akta

Wani mutum ne a unguwar Tudun Makera ana ce masa Tanimu Akta. Katifa yake sayarwa a bakin tasha, amma ba da katifa aka san shi ba. Abu biyu aka san shi da su, kuma ko yaron da bai gama iya magana ba a unguwar zai lissafa maka su.

Na farko, gyara. Tanimu bai taɓa sayen abu ya juya ba tare da ya ce "To, ba gyara?" ba. Mai tumatir ya sani, mai gawayi ya sani. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowa yana neman gyara a wurin mai tumatir. Amma Tanimu ya nemi gyara a kemis, aka ƙara masa ƙwaya biyu ta ciwon da ba ya yi, ya kuma shanye. Ya nemi gyara a wurin wanzami, wanzami ya duba kai ya ga ba sauran gashi, ya sauke aska ya ɗebe masa rabin gira. An ce ranar da aka yi masa allura, da aka zare ya juyo yana ɗaure wando, bakinsa ya buɗe da kansa, sai da ya sa hannu ya rufe shi.

Na biyu, fim. Tanimu ya ce shi a zamanin samartakarsa a Kano ya fito a wani fim mai suna *Baƙin Rawani Maganin Ɓarayi*, kuma shi ne Baƙin Rawanin da kansa. Duk inda mutum uku suka zauna, in ya zama na huɗu, sai an ji labarin. Da farko ɓarayi uku ya daka. Bayan ya yi aure suka zama bakwai. Da aka haifa masa ɗa namiji suka kai goma sha biyu, har da mai bindiga. In aka ce ina kaset ɗin, sai ya girgiza kai, ya yi tsaki mai tsawo.

"'Yan baƙin ciki. Saye shi suka yi kaf a kasuwa, suka ɓoye. Sun ga zan rufe musu kasuwa."

Gaskiyar magana, Tanimu bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma irin wannan ƙaryar ta fi daɗewa a duniya. An yi fim ɗin. Ya kuma fito a ciki. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, yana yaron shago, aka aike shi kai katifa wani ƙauye, ya tarar da 'yan fim suna cikin tashin hankali. Wanda zai fito a matsayin ɓarawon tunkiya ya gudu tun ranar farko, domin a zamanin ba a san dabarar dukan ƙarya ba, in an ce a yi duka, duka ake yi. Darakta ya dubi Tanimu, siriri kamar karan dawa, ya ce, "Kai mai katifa, kana son ka fito a fim?"

Aka kifa masa buhu a ka, aka huda wurin ido biyu. Kwana uku Baƙin Rawani yana jibgarsa. Ladansa shinkafa da wake da lemon kwalba. Ko a nan sai da ya nemi gyara. Darakta ya ƙara masa fitowa ɗaya, wato duka na huɗu.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne, Baƙin Rawani ba ya magana, kuma fuskarsa a naɗe take, ido kawai ake gani. Ɓarawo shi ma kansa a cikin buhu. Haka aka tafi har ƙarshen kashi na ɗaya. A kashi na biyu ne ake cire buhun. A kashi na biyun kuma akwai wani abu da ya fi cire buhun muni, wanda Tanimu ko shi kaɗai a banɗaki ba ya yarda ya tuna.

Ana nan, hutun makaranta ya zo. Yaran Tanimu uku ne: Zinatu mai shekara goma, Mudi mai bakwai, sai auta Hajjo mai huɗu. Suka tasa uwarsu Kubura a gaba, su ma sai an kai su wurin wasan yara na cikin gari, inda ake hawa lilo mai juyawa, kamar yadda aka kai yaran maƙwabta. Kubura mace ce mai sanyin magana, wadda ba ta gardama da miji, sai dai ta dube shi ta yi shiru, kuma shirun ya fi gardamar ciwo. Ta san damina ce, katifa ba ta tafiya.

"Ba inda za mu," ta ce. "Sinima za mu yi a nan gidan. Ranar Asabar bayan isha. A fito da talabijin tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, in yi muku gugguru da zoɓo. Wanda ya hau lilo, jiri kawai ya sayo."

Yara suka yi tsalle. Tanimu, yana zaune yana cin tuwo, ya ɗaga hannu kamar mai sa albarka.

"Kin yi tunani. Harkar sinima kuma, kun san a gidanta kuke. Ni zan zaɓo muku fim."

Bai rufe baki ba Mudi ya matso cikin haske, sai aka ga rigarsa a yage daga wuya har cibiya.

"Kai kuma wa ya yi maka wannan?"

"Sagiru ne, na gidan Malam Buhari. Ya ce wai Babana maƙaryaci ne, wai ba wanda ya taɓa ganinka a talabijin. Na ce ƙarya yake. Ya ce in kawo fim ɗin in da gaske ne." Mudi ya ja majina. "Kullum sai ya faɗa a gaban yara, Baba. Yau na rama."

"Ka yi daidai. Jinina ne a jikinka. Da a ce 'yan baƙin ciki ba su ɓoye kaset ɗin ba…"

"Baba, an samo shi," in ji Zinatu.

Lomar tuwo ta tsaya a maƙogwaron Tanimu. Ba ta shiga ba, ba ta fito ba.

"An samo me?"

"Fim ɗinka. Isuhu mai tura fina-finai ya sayo tsofaffin kaset buhu uku a wani shago da aka rufe, ya zuba su duka a kwamfuta. Ya liƙa sunayensu a ƙofar shagonsa. Ni na karanta da idona. *Baƙin Rawani Maganin Ɓarayi*. Lamba ta ɗari da tara."

Tanimu ya yi tari, ƙoƙ-ƙoƙ-ƙoƙ, har sai da Kubura ta miƙo masa ruwa. Ta dube shi. Sannan ta ce, a hankali, "To alhamdulillahi. Shekara goma sha biyu ina jin labari. Ga fim a gida, me za mu je nema a waje?"

"Kubura, fim ne na manya. Akwai duka a ciki. Yara za su yi mafarki."

"Mu muna son duka!" in ji Mudi.

"Tsohon ɗauka ne, hoton duk ya dushe."

"Za mu matso kusa."

Mudi ya riƙe gwiwar ubansa da hannu biyu, idonsa yana ƙyalli. "Baba, zan gayyato Sagiru. Ya zauna a gaba. Ya gani da idonsa."

Me Tanimu zai ce? Ya dubi rigar da aka yaga saboda shi.

"Gayyato shi," ya ce. "Gayyato har ubansa."

Washegari a hanyar shago ƙafarsa tana tafiya, kansa yana lissafi. Ya yi tunanin ya ce talabijin ta lalace. Kubura za ta aro ta maƙwabta. Ya yi tunanin ya kwanta ciwo. Za a kalla ba shi, wannan ya fi muni. Yana daidai wurin mai faci sai abin ya faɗo masa, ya tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai babur ya zage shi.

Kaset biyu ne! A zamanin ba a sakin fim a dunƙule, sai an raba shi, a sayar maka da rabi, a bar ka da ƙaiƙayi har wata uku kafin a saki sauran. Kashi na ɗaya yana ƙarewa ne daidai lokacin da Baƙin Rawani ya danne ɓarawo, ya kama bakin buhun zai fizge. Nan hoto yake tsayawa, rubutu ya fito: mu haɗu a kashi na biyu. To wa ya ce dole a haɗu?

Tanimu ya yi dariya shi kaɗai. Ya juya ya nufi shagon Isuhu yana taku kamar wanda aka yi wa albishir.

Isuhu mutum ne mai ƙiba da tabarau, yana zaune tsakanin kwamfuta biyu da wayoyi sun fi talatin suna caji. Fina-finan da ke cikin kwamfutarsa sun fi dubu, bai kalli ko goma ba. Shi turawa kawai ya sani.

"A'a, Akta da kansa! Yau manya ne a shagon."

"Isuhu, lamba ta ɗari da tara." Tanimu ya ajiye filashi a kan tebur. "Kashi na ɗaya."

"Ɗaya da biyu ne ai."

"Na ɗaya na ce."

"Akta, wa yake kallon rabin fim?"

"Yara ne ƙanana, barci za su yi. Kuma na biyun ba shi da armashi, duk surutu ne. Ni da na yi fim ɗin ban sani ba? Na ɗaya kawai. Kuma tunda rabi ne, rabin kuɗi zan biya."

Aka ja, aka ja. Isuhu ya ce bai taɓa jin haka ba. Tanimu ya ce yau ya ji. Isuhu ya gaji ya sallama, ya soka filashi, ya danna. Tanimu ya biya, ya miƙa hannu zai karɓa. To a nan ne bakin nan nasa, wanda bai taɓa neman izininsa ba, ya buɗe.

"To, ba gyara?"

Isuhu ya dube shi ta saman tabarau. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya san ba zai tsira ba. Ya mayar da filashi, ya ɗan danne-danne, ya jira, ya zare.

"An yi maka, Akta. Na liƙa maka a ƙarshe."

"Madalla. Haka ake kasuwanci."

Tanimu ya fita yana murmushi. A ransa, waƙa ce aka ƙara masa, ko 'yar katun ta yara. Bai tambaya ba. Shi a duniya bai taɓa tambayar mene ne gyara ba, karɓa kawai yake yi.

Ranar Asabar tun la'asar gidan ya rikice. Zinatu ta yayyanka tsohon littafin makaranta ta yi tikiti, ta ce kuɗin shiga shi ne wanke hannu da ƙafa, ta tsaya a bakin zaure da buta tana dubawa. Kubura ta ɗebi masara a ragowar buhun da ke kicin ta zuba a tukunya, gugguru ya shiga fashewa, fat! fat! fat-fat-fat! Hajjo tana tsalle da kowace fashewa. Aka naɗe takardu kamar mazurari aka zuba wa kowa nasa. Zoɓo ya sha sanyi a randa. Aka kifa turmi, aka ɗora faifan katako, aka ɗora talabijin, aka jona ta da batirin sola saboda kada a ɗauke wuta a tsakiyar daɗi. Aka kunna maganin sauro a kusurwa biyu.

Mudi an ce ya gayyato Sagiru. Sagiru ya zo da ƙannensa. Ƙannen suka zo da abokansu. Kafin a idar da sallar isha, yara goma sha takwas ne a kan tabarma uku, gwiwa tana gugar gwiwa. Matan maƙwabta kuma, da suka ce su ba ruwansu da kallon yara, kawunansu huɗu suka bayyana a saman katanga.

Aka fito da Inna, mahaifiyar Tanimu, aka zaunar da ita a kujera 'yar tsugune. Idonta ya yi rauni, talabijin a wurinta haske ne kawai mai motsi. Amma kunnenta, in allura ta faɗi a ɗakin Kubura, za ta faɗa maka ko ta ɗinki ce ko ta kitso.

"Ina maigidana?" ta ce, tana laluben Mudi. "Zo ka zauna kusa da ni, kada waɗannan 'yan matan su ƙwace mini kai."

Sai ga Tanimu ya fito daga ɗaki.

Ya naɗe kansa da fuskarsa da baƙin ƙyalle, ido kawai a waje. Ba shi da baƙin rawani, don haka mayafin Kubura na zuwa unguwa ya ɗauka. Ya tako a hankali, hannu a baya, ya tsaya gaban talabijin. Mudi ya zunguri Sagiru da gwiwar hannu.

"Abin da za ku gani yau," in ji Tanimu, muryarsa tana fitowa a toshe ta cikin mayafi, "kada wanda ya gwada a gida. Ni kaina sai da na yi wata shida ina horo a daji."

Ya danna rimot.

Hoto ya fito, ja-ja, yana rawa. Ga ƙauye. Ga garke. Ga wani siririn mutum da buhu a ka yana saɗaɗawa, ya kama tunkiya, tunkiya ta ce mee, ya toshe mata baki. Yara suka ɗauki ihu.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

"Ku dube shi," in ji Tanimu, domin ya ga in bai zagi ɓarawon ba za a yi mamaki. "Ƙafafu kamar tsinken tsire. Matsoraci ne na ƙarshe. Har a waje haka yake."

"Ka san shi, Baba?"

"Sama-sama. Irin waɗannan ba ma zama da su."

Ganga ta buga, dum! Daga bayan rumbu Baƙin Rawani ya fito, ƙato, kafaɗa kamar ƙofar zaure, riƙe da taɓarya. Tsakar gida ta kaure.

"Baba! Ga Baba!"

"Ashe da kana da ƙiba, Malam," in ji Kubura.

"Aure ne ya cinye ni."

Tim! Taɓarya ta sauka a bayan ɓarawo. Tim! Ɓarawo ya saki tunkiya, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Daga cikin buhu wata murya ta fito, siririya, mai karkarwa, tana hawa sama kamar ta ɗan akuya.

"Wayyo Inna! Wayyo Inna, na tuba!"

Inna ta ɗago kai. "Wa ke kirana?"

"Fim ne, Inna."

"Na san fim ne. Amma wannan kukan na san shi."

"Duk kukan ɓarayi iri ɗaya ne. Zinatu, ƙara wa Inna gugguru."

"Da wane haƙorin?" in ji Inna.

Fim ya ci gaba. Ɓarawo ya tsere, ya dawo washegari, aka sake kama shi. Yara sun miƙe a kan gwiwa, kowa yana ba Baƙin Rawani shawara. "Ƙara masa, Baba!" "A ƙafa, a ƙafa!" Hajjo, baki cike da gugguru, tana cewa, "Allah ya ƙara! Allah ya ƙara!" Tanimu yana gyaɗa kai yana karɓar yabo, amma duk saukar taɓarya sai bayansa ya ɗan motsa da kansa. Shekara ashirin da biyu, wurin bai manta ba.

"Wayyo Inna! Ƙashina! Wayyo Inna!"

"Wallahi haka Tanimu ya yi ranar da kunama ta harbe shi a rumbun babansa," in ji Inna. "Har wannan 'yar shessheƙar ta ƙarshe."

Kawunan da ke saman katanga suka dubi juna. Kubura ta dubi mijinta. Gumi ya fara tsattsafowa a ƙarƙashin mayafi. Amma Tanimu ba yau ya fara ba.

"Inna, kin yi gaskiya, kunnenki bai yi ƙarya ba. Ni na koya wa yaron kukan. Bai iya ba sam. Darakta ya ce, Tanimu, taimaka mana, kai ka iya komai. Na ja shi gefe na nuna masa sau biyu."

"Kai!" in ji Sagiru. A karon farko da girmamawa a muryarsa.

Mudi ya kumbura kamar zai fashe.

Aka zo duka na huɗu, wanda aka ba shi gyara. Baƙin Rawani ya tare ɓarawo a lungu, ya kayar da shi, ya danne shi da gwiwa. Ya miƙa hannu. Ya kama bakin buhu. Yara suka daina numfashi. Hoto ya tsaya cak. Rubutu ya fito fari: mu haɗu a kashi na biyu. Allo ya yi baƙi.

"Aaaa!" Yara goma sha takwas suka yi ƙara tare.

"Haka ake yi a zamaninmu," in ji Tanimu. Wani sanyi ya sauka masa tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya tsira. Ba ma tsira kaɗai ba, ya ci riba. Ya jefa rimot a kan tabarma kusa da Kubura, ya miƙe, ya tsaya a gaban yara, ya juya wa talabijin baya. "Na biyun ya ɓace, ba a samunsa ko a Kano. Amma tunda ga ni, zan nuna muku yadda aka ƙare. Ku matsa. Mudi, miƙo mini muciya."

Ya karɓi muciya, ya ɗaga ta sama. A bayansa kiɗa ya tashi.

"Baba, wani abu ya fara," in ji Zinatu.

"Waƙa ce. Gyara ne Isuhu ya yi mini. Ku bar ta tana yi, za ta ƙara wa abin armashi." Ya gyara tsayuwa. "To, da na danne shi haka, sai sauran goma sha ɗayan suka fito ta bayan rumbu. Mai bindiga yana gaba. Na dube shi. Na ce, kai yaro…"

Ba wanda yake kallonsa. Ya lura da haka, amma ya ɗauka tsoro ne ya sa suka kasa haɗa ido da shi. Idanu talatin da shida sun wuce ta gefen ƙugunsa, sun kafe a wuri ɗaya. Gugguru ya tsaya a hannu, bai kai baki ba.

"Za a cire buhun!" in ji Sagiru.

Tanimu ya juya.

Fuuu! Buhu ya tashi sama.

Ga fuska ta cika allo. Saurayi ne siriri, kunnuwa kamar faifai, wushirya a tsakiyar haƙora, bille a kumatun hagu. Hawaye layi biyu, majina layi biyu. Kuma masu ɗaukar fim na zamanin ba sa gaggawa. Kyamara ta matso, ganga ta ce dum! Ta ja baya. Ta sake matsowa, dum! Ta ja baya. Ta sake matsowa, dum! Ko wanda ke saman katangar gida na uku ya samu damar ƙirga haƙoran.

Gyara. Kalmar ta faɗo wa Tanimu a ka kamar taɓarya ta biyar.

Hajjo ta dubi talabijin. Ta dubi ubanta. Mayafin ya zame ya sauka a wuyansa, ga kunnuwa, ga bille, ga wushirya a buɗe. Ta sake duban talabijin.

"Baba biyu," ta ce.

"Rimot! Kubura, rimot!"

"Rimot?" Kubura ta dudduba hagu da dama, ba ta motsa daga inda take zaune ba ko da taku ɗaya. "Yanzun nan na gan shi, Malam."

Ya yi wajen batir zai fizge waya. Yara goma sha takwas a kan tabarma uku ba hanya ba ce. Ya taka ƙafar wani, ya tsallake kan wani, ya yi karo da jug ɗin zoɓo, ya zauna daɓas a cikin jan ruwa.

"Kauce, ka tare mini ji," in ji Inna.

A talabijin, Baƙin Rawani ya miƙe tsaye. Ya kai hannu ga rawaninsa. Ya fara warwarewa. Zagaye ɗaya. Zagaye biyu. Tanimu ya rufe ido, domin shi ya san abin da ke ƙarƙashi.

Kitso ne ya fara fitowa, shuku, an yi shi da kyau. Sai 'yan kunne. Sai fuskar wata mata mai faɗin goshi, bazawarar da ake sace wa tumaki tun farkon fim. Ta dafa taɓarya, ta dubi saurayin da ke birgima a ƙasa, ta yi magana a karon farko.

"Gobe ma ka dawo satar tunkiyar mace."

"Na tuba, Hajiya! Wayyo Inna!"

Daga saman katanga wata ta rangaɗa guɗa. Ayyururui! Sauran ukun suka karɓa. Ɗaya dariya ta kwashe ta har ta zame daga kan abin da ta taka, aka ji faɗuwarta da ƙarar bokiti a ɗaya gidan, kuma ko a ƙasan ba ta daina ba. Yara suka zube a kan juna. Zinatu ta cusa fuska a cikin tikitinta.

Mudi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye, ya nuna talabijin, ya juya ga Sagiru.

"Ka gani? Ka gani da idonka? Wa ya ce Babana bai fito a fim ba?"

"Wallahi ya fito," in ji Sagiru, yana share hawaye. "Na janye. Ya ma fi kowa fitowa."

Kubura ta ɗaga cinya kaɗan, ta zaro rimot, ta rage sauti. Ta miƙa hannu wajen mijinta cikin ladabi.

"Malam, a ba ni mayafina kada zoɓo ya ɓata shi. Ashe dama kayan aikin namu ne."

"Ni ban ga abin mamaki ba," in ji Inna, tana tsotsar gugguru guda ɗaya. "Tun a kashi na ɗaya na faɗa muku. Ni na haife shi. Ba sai an cire mini buhu ba."

Tanimu yana zaune a cikin zoɓo, muciya a hannu. Ya buɗe baki. A karon farko a tarihin Tudun Makera, ba abin da ya fito.

Hajjo ce ta ji tausayinsa. Ta tashi, ta yi kicin da gudu, ɗaɓas-ɗaɓas. Aka ji tana jan wani abu. Ta dawo tana janye da buhun masarar da aka yi gugguru, ta kai shi har gaban ubanta, ta ɗora masa a cinya. Ta waiga ta dubi matar da ke talabijin, sannan ta matso kunnensa, ta yi raɗa irin ta yara, wadda ake ji har zaure.

"Baba, saka da sauri. Kada ta gane ka."